Sista Hauwa'u da cokalin Yaya Gamaliel

A Sabon Gari ana cewa Sista Hauwa'u, nas ɗin nan ta gidan Liman Abaji, tofi take yi a kwano. Wai duk tsohon da ya rikice ya ƙi abinci, in ta zo sai ya ci. Ni da na shekara talatin ina koyar da kimiyya, na ce sai na gani da idona.

Ganin ya zo ta inda ban so ba. Ciwon mantuwa ya kama yayana Gamaliel, tsohon hedimasta. Sunaye suka fara ɓace masa, sannan hanyar coci. Bana ya daina cin abinci, har wando na zame masa. 'Yarsa Vera ta kawo farantai da cokula masu ƙyalli daga Abuja, a banza. Dangi suka ce ya gaji da duniya ne, a ƙyale shi.

Kullum da safe Sista takan leƙa tsofaffin unguwa kafin ta wuce asibiti. Na aika mata. Tana shigowa na kafa wa bakinta ido.

Ba ta ce "Baba, ka gane ni?" ba, tambayar da muke azabtar da shi da ita. Zama ta yi tana kallonsa, yana jujjuya cokali kamar kayan tsintuwa.

Ta ce, "Mama, yunwa yake ji. Ciwon ne ya ƙara gaba, ya manta amfanin wannan abin."

Na ce, "To, ina tofin?"

Ta yi dariya. "Kawo ruwan wanke hannu tukuna."

Ta wanke masa hannu, ta gutsuro tuwo ta sa masa a yatsu, ta zauna gabansa tana cin nata. Ya tashi da malmala guda, har da ƙorafin miya ba gishiri.

Kafin ta fita ta ce ranar da ya fara ƙwarewa da ruwa, ko ya riƙe loma a kumatu, mu kira ta, matakin ciwon na gaba ke nan. Ba ta yi mana alkawarin warkewa ba.

Hauwa'u, mai haƙurin kallo, ke ce kika ga yunwa inda muka ga ajali. Wata mai zuwa za ki yi ritaya. Na gode, Allah ya saka. Ku kuma matasan nas masu saurin kama motar Abuja, ku koyi zama ku kalli tsoho yana cin abinci.

Yaya ya mayar da jiki, ko da yake har yau bai tuna sunana ba. Tofi kam babu. Cokalin kawai ta ɗauke.