Gwiwar Mijinyawa

Mutanen Danchadi na cewa a zamanin Turawa sun haifi ɗan tamaular da ya buga wa Ingila wasa a ƙasar waje. Gaskiyar magana ita ce Mijinyawa ya je Birnin Ƙonni a bayan akori-kura, kuma ƙafarsa ba ta taɓa ƙwallo a can ba.

Amma ya iya, wannan kam ba a musu. Ubansa, Malam Sama'ila, mai makarantar allo, bai hana shi wasa ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa masa, cewa gwiwa al'aura ce, ranar da ya buɗe ta a bainar jama'a kada ya ƙara kiransa uba. Saboda haka duk 'yan ƙungiyar Kunamun Boɗinga na sa gajeren wando, shi kuwa ɗan wasansu na gaba yana shiga fili da buje, wandon nan mai hantsa kamar buhun gero.

Da fari dariya ake yi masa, har ranar da suka kara da 'yan garin Shagari. Aka ɗago masa ƙwallo, ta faɗa cikin hantsar wando ta ɓace. Masu tsaron baya suka tsaya suna dube-dube, shi kuma ya taka a hankali kamar mai ciwon gwaiwa, ya shiga raga ya zazzage ta. Alƙalin wasa ya binciki dokokin da ya haddace kaf, bai sami inda aka ambaci buje ba. Har yau 'yan Shagari ba su yafe ba.

Daga nan sunansa ya kai Sakkwato. Da aka shirya wasa da yaran ƙasar Faransi a Ƙonni, aka ɗauke shi, Danchadi ta raka shi bakin hanya kamar mai tafiya Makka. Sai da suka isa baturen da ke jagorantarsu ya buɗe akwati ya rarraba gajerun wanduna farare. Ya ce ga Kumandan Faransi a rumfa, ba zai bari a ce mutanen Sarkin Ingila ba su da tsari ba. Ko wandon nan, ko benci.

Mijinyawa ya auna wandon a jikinsa, ya ja shi ƙasa iya ƙarfinsa, cibiya ta fito. Ya mayar sama, gwiwa ta fito. Abokansa suka roƙe shi, suka ce wa zai kai labari Danchadi. Shi kuwa ya san garinsu, kafin motar ta juyo labarin ya riga ta isa. Ya ninke wandon ya miƙa. Yana zaune cikin bujensa aka yi musu cin kaca, kuma wanda ya zauna kusa da shi ya ce kuka yake yi. Ni ma duk sanda na tuna sai ya ba ni tausayi.

Ya dawo ya tarar da Malam Sama'ila a zaure, almajirai an sallame su tun hantsi, abin da bai taɓa faruwa ba.

"Nawa kac ci musu?" in ji tsohon.

Mijinyawa ya durƙusa ya yi bayani, yana jiran albarka. Malam ya dube shi ya ce:

"Kai dai ba ka yi karatu ba, ɗana. Matahiyi ko salla ƙasaru shikai, balle wando."

Ba a sake gayyatarsa ba. Ya ƙare rayuwarsa yana ban ruwan albasa a fadama, wando naɗe har cinya, kuma duk Danchadi ba wanda ya taɓa ce masa uffan.