Kalmar da Baba ya tambaye ni

A shekarar da nake neman aikin tafinta a Khartum, zama ya gagare ni. Kullum sai na haddace manyan kalmomin Turanci goma a motar haya, daga unguwar Hajj Yusuf zuwa Kasuwar Umdurman, inda babana ke sayar da yadi. Ko ciniki nake yi, bakina na motsi.

Wata rana Baba ya ce, "Wannan da kake ta nanatawa, me take nufi da Hausa?"

Na buɗe baki, Larabci ne ya fito. Na sake gwadawa, Hausar ta ƙi fitowa. Baba ya ci gaba da ninke yadi. Har muka tashi kasuwa ina laluben kalmar, ban same ta ba.