Ranar da Unguwa Ta Bi Malam Aƙilu

Malam Aƙilu, wanda ya tsufa yana wanke gyambo a asibitin Sakkwato, shi ne mutum na farko da ya kai maganin Turawa cikin unguwa jama'a suka bi shi ɗuu. Haka yake faɗa, kuma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Inda suka bi shi ne kawai ba ya cika ambata.

Ɗan mahauta ne, jini bai taɓa ba shi tsoro ba, shi ya sa likita Bature ya sa shi cikin samarin da ake koya wa aikin asibiti. A lokacin mutanen gari ba sa zuwa sai an kawo su. Aƙilu ya ga wannan ba matsala ba ce: in ba su zo ba, sai a je musu. Ya tara 'yan uwansa ɗalibai suka kafa ƙungiyar taimako, suka zaɓe shi shugaba, da yake shi kaɗai ya nema.

Likita ya ba su aron akwatin magani bisa sharaɗi: in sun sami masu zuwa, akwati ya zama na ƙungiya, in ba su samu ba, ya karɓe abinsa, maganar ta mutu. Sun yi ta zama a gindin bishiya, ba wanda ya zo sai awaki. Aƙilu ya yanke cewa laifin wurin ne, ya ce ranar Juma'a za su unguwar Gawon Nama, wajen danginsa masu yanka, inda ba a rasa mai rauni.

Akwatin da nauyi, ga daro, ga kwalabe. Sai suka jera su a kan gadon ɗaukar majinyata, suka lulluɓe da farin alawayyo saboda rana, suka saɓa a kafaɗa. Aƙilu ya hana su surutu, domin aikin likita yana son natsuwa.

Ana tasowa daga masallaci suka shigo unguwa. Wani dattijo ya miƙe, ya sa kafaɗa ya karɓi Tambari, mataimakin shugaba. Wani ya karɓi na baya. Kafin su kai kwana, babu ɗalibi ko ɗaya a ƙarƙashin gadon. Mutane sai karɓeɓeniya suke yi, da sauri, ba mai magana. Aƙilu ya waiga ya ga taro, ya gyara hula. Tambari ya gane abin da ke faruwa, amma ba tarbiyya ba ce yaro ya tsayar da dattawa suna neman lada.

Da suka karkata yamma, Aƙilu ya ce ba nan ce hanya ba.

"Ɗana," in ji dattijon, "hanyag ga mun hi ka saninta."

A maƙabarta aka sauke gado. Limamin unguwa, Malam Gidaɗo, ya tambaya ko baƙo ne ya rasu a asibiti, kuma don me ba a aiko a gina kabari ba. Ya ɗaga alawayyo. Ya daɗe yana duban kwalabe.

"Mamacin wane ne cikinsu?"

Aƙilu bai ga dalilin ɓata taro ba. Ya yi musu bayanin gyambo da tsabta, ya ce duk mai ciwo ya matso, kyauta ne. Suka saurare shi har ƙarshe, domin ba a hayaniya a maƙabarta. Ba wanda ya matso. Liman ya ce wurin bai dace mutum ya fara jinya ba. Aka yi wa waɗanda ke kwance addu'a, aka watse.

Ɗalibai suka kwaso akwati da kwalabe a ka. Washegari likita ya karɓe akwatinsa, ƙungiya ta tashi. Gadon kuwa unguwa ba ta mayar ba. Ya fi tsohuwar makararsu sauƙin ɗauka, kuma ya daɗe yana aiki.