Kafaɗar Baba

Jiya Inna ta tarar da ni ina gwada ƙafar kyamara mai araha, marar nauyi, da na saya don tafiye-tafiye. Ta ɗaga ta da hannu ɗaya.

Marigayi Baba mai hoto ne a Yelwa, zamanin muna jihar Sakkwato. Tasa ta katako ce, a kafaɗa yake saɓa ta har bakin ruwa, inda ake shiga kwalekwale zuwa garin Wara.

Inna ta ce, "Da wagga ya samu, da kafaɗatai ba ta karkace ba."

Na ce, "Au, ba yanga ba ce?"

"Wace yanga? Neman abincinku ya danne ta."

Ni kuwa har gobe a karkace nake tsayawa in za a ɗauke ni hoto, wai gayun Baba.

Ku me kuka gada ba ku san asalinsa ba?