Yashin Gindin Katanga

Ranar da makewayin Kang Wagiyo ya faɗa kogin Progo, shi ma yana ciki. Da hantsi ne kuwa, mata sun cika gaɓa da wanki. Sai dai aka ji ƙasa ta yi ƙara, rumfar gorar makewayin ta sunkuya kamar za ta gaida ruwa, ta tafi ɗungurungum. Can sai ga kan Wagiyo ya ɓullo, hannu ɗaya riƙe da moɗa, ɗayan yana laluben zaninsa da ruwa ya riga ya yi gaba da shi.

"Kang, yau da wuri ka fara nutso!" in ji wata mai wanki. "Ina kwandon?"

Bai fito ba sai da matarsa, Yu Parjiyem, ta jefa masa jiƙaƙƙen zane, tana kallon wani wuri kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

Wagiyo dai tun yana ƙarami yashi ya sani. Ya nutsa da kwandon gora, ya kwaso, ya juye a kwale-kwale, ya sake nutsawa, har fatar yatsunsa ta yi fari fat. In ya fito gaɓa ya tankaɗe a rariyar waya, masu tifa su kwashe mai laushin, tsakuwa ta rage. Mutum ne da zama ke yi wa ciwo. Kofi ma a tsaye yake sha, ƙafa ɗaya na rawa.

Ubansa bai bar masa ko taku ɗaya na ƙasa ba, kwale-kwale kawai. To tsakuwar nan da kowa ke zubarwa, shi tarawa ya riƙa yi. Ya saƙa manyan keji na gora, ya cika su da duwatsu, ya jera a bakin ruwa, ya riƙa zuba tsakuwa a bayansu, ambaliya kuma tana kawo masa laka kyauta, har wurin ya zama fili. Mu maƙwabta mun sha dariya, muna cewa Wagiyo zai nome dutse. Da shekaru suka ja sai ga rogo, ga barkono, ga gida har da rufin kwano. Dariyar ta ƙare, muka koma roƙon barkono.

Ga inda abin ya ɓaci. Katangar kejin nan tasa tana rage wa ruwa gudu, don haka baƙin yashin da ke gangarowa daga dutsen Merapi mai aman wuta, yashi mai laushi kamar gari, a gindinta yake kwanciya. Masu tifa har da suna suke neman yashin nan. Wagiyo ya ga abinci a ƙofar gida, me zai kai shi nesa? Da safe ya kwashe abin da katangar ke tsaye a kai, da yamma ya ƙara mata duwatsu a ka, yana mamakin yadda take nutsewa.

Ranar makewayin Yu Parjiyem ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye masa shinkafa ta ce, "Kang, zaɓi ɗaya, ko yashin ko gidan. In ruwa ya taɓa ɗakin girki, na tafi wajen ƙanena a Wates. Na riga na yi masa magana."

Ya daina kwasar yashin gindin katangar. Ya koma tuƙa kwale-kwale can sama, inda yashin duk laka ne, masu tifa su murza shi a hannu su taɓe baki. Amma hankalinsa bai bi shi ba. Ya nutsa, ya fito da rabin kwando, ya juya yana hangen gida. Ya tuƙo ya dawo, ya duba, ya koma. Ai kogi ba shi da mai shi, kuma yashin nan yana ta taruwa a gindin katanga, yana ƙyalli a ƙarƙashin ruwa, duk mai kwale-kwale ya gani.

Wata rana da la'asar ya hango abin da yake tsoro. Lik Ngadimin, wani tsohon abokin nutsonsa mai bakin tsiya, ya kafa sandar kwale-kwalensa daidai wurin, yana tuɓe riga. Wagiyo ko ɗaure nasa kwale-kwalen bai yi ba. Ya yi tsalle ya faɗa ruwa, ya je ya tsaya a kan yashin, ruwa har ƙirji, yana haki.

"Lik, ɗaga sandarka."

"A'a, mai gadin kogi! Yaushe aka naɗa ka ba a gayyace mu ba?"

"Wannan yashin shi ke riƙe da gidana."

"Dutse ne ya aiko shi, ba da sunanka ya zo ba." Ngadimin ya ɗauki kwando, ya ɗaga murya don mutanen gaɓa su ji. "Jama'a, ku shaida! Mutumin da ya shekara da shekaru yana kwasar wurin nan, yau shi ke cewa haramun ne!"

Yu Parjiyem ta fito ƙofar ɗakin girki da ludayi a hannu, ta tsaya tana kallon mijinta. Wagiyo ya ƙara dasa ƙafafunsa a cikin yashin.

"Ni da na kwasa, ƙarƙashin gidana na kwasa, Lik. Kai ma je ka kwashi ƙarƙashin naka. Au, na manta, gidan surukarka kake kwana. To fara taɓa mata tushen bango, mu ga tsakanin ita da kogin wa zai riga cinye ka."