Garayar da Na Sa a Yi wa Baba

Har yau in na ji ana yabon wani da haƙuri, sai raina ya ɓaci. Ni ma na yi haƙuri, an yaba mini, kuma ubana ne ya biya kuɗinsa da hannunsa na hagu.

Baba makaɗin garaya ne, kiɗan mafarauta. Tun ba a haife mu ba yake bin su daji, in sun dawo ya kaɗa wa kowa takensa. Farauta ta mutu a ƙasarmu ta Gummi, dajin ma ya fi ƙarfin mai shiga, amma Baba bai ajiye garaya ba. Bayan la'asar yakan zauna gindin darbejiyar ƙofar gida ya kaɗa wa kansa, tsofaffin abokansa su zo su zauna suna gyaɗa kai. Shekarar da ruwa ya yi mana ɓarna, bangon ɗakinsa ya zauna a kan garayar. Ƙoƙon ya tsage, fatar ta ruɓe cikin laka. Gorar kaɗai muka tsamo, sandar nan da yatsu ke bi, da ɗan lotsawa inda babban yatsansa ya saba kwanciya.

A lokacin hannun nasa na hagu ya fara rawa. A asibiti ba su ɓoye mana ba: abin gaba zai yi, ba baya ba. Na ce to, in dai kiɗa ne ya rage masa, zai yi shi iyakar abin da hannun ya yarda.

Bayan kaka na saka shi a bas muka je Bukkuyum ranar kasuwa. Can bayan masu turmi akwai wani mai sassaƙa wanda ubansa ne ya yi wa Baba tsohuwar garayar. Mutumin ya durƙusa ya gaida Baba, ya auna hannunsa da zaren kaba daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ya sa shi ya damƙi gorar yana kallon yadda yatsun ke karkarwa. Ya ce zai rage tsawon jakin da ke ɗaga tsirkiya, ta kwanta kusa da gora, don ko taɓawa kaɗan Baba ya yi ta amsa. Muka bar masa gorar, da fatar gada da wani abokin Baba ya daɗe yana adanawa.

"Malam, kwantar da hankalinka," in ji shi. "Kamin ruwa shi sauka tana hannunai."

Wallahi a ranar da za a ce in ba shi ɗiyata da na ba shi.

Da bazara na koma, ya ce icce bai gama bushewa ba. Na ce gaskiya ne, aikin kirki ba ya son gaggawa. Ruwa ya sauka na koma, ya ce fata ba ta son raɓa, in an ɗaure ta da damina sai ta saki. Na haɗiye. Na sake komawa, ya ce tsirkiyar da ya samu ba ta yi masa ba. Wata kasuwar ma ban ishe shi ba, maƙwabtansa suka ce ya hango ni ya zagaya. Kowa ya san halin hanyar nan. In ka fita Inna ba ta iya cin abinci sai ta ji sallamarka. Haka nake ratsa ta, in bar shinkafata a fadama ciyawa na cinta, don in je in ji sabuwar ƙarya.

In na dawo Baba ba ya tambaya. Hannuna yake kallo. In ya ga ba komai sai ya ce, "Sannu da hanya," ya mayar da kai. Wannan sannun ta fi zagi ciwo. Da damina yana iya riƙe ludayin fura, yana iya ɗaure tazugensa. Na sha ganinsa ya ɗauki karan dawa yana bin sa da yatsu, wai kada su manta. Zuwa lokacin da gero ya nuna, Inna ce ke riƙe masa ludayin.

Yayana, babbanmu, shi ke ba ni baki. Shi ne ke jan salla a masallacin unguwa in liman ba ya nan, mutum mai magana a hankali, ba a taɓa jin muryarsa a sama ba. Kullum na dawo ina huci sai ya ce, "Ka yi haƙuri, kowane abu da lokacinai." Har godiya nake yi masa. Ni wawa.

Da muka gama yankan shinkafa na ce ya isa. Ban jira ranar kasuwa ba, na tambayi gidan mai sassaƙan, na je in karɓo gora da fata in kai wa wani. Na yi sallama na shiga zaure. Kafin ya fito idona ya kai bango. Garaya ce rataye, gamammiya, da tsirkiyarta da komai, ga lotsawar yatsan Baba a jikin gorar. Gizo-gizo ya yi saƙa tsakaninta da bango, zanzaro har ya gina ɗaki a bakin ƙoƙon.

Da ya fito ya ga abin da nake kallo, sai ya zauna ƙasa.

"Yaushe ka gama ta?"

"Malam, zamna mu yi magana."

"Ba zama ya kawo ni ba. Yaushe?"

"Tun da bazara."

Na ce to uban me na yi masa? Ya ce ba shi ba ne. Yayana ne ya zo masa takanas, ya ce tsoho ya kusa gangara, a bar shi ya gama da tasbaha a hannu ba da kayan kiɗa ba. Ya ce mutane na haɗa garaya da bori, ba ya son yana gaban sahu ana jiyo ta daga ƙofar gidansu. Kada a hana ni kai tsaye, in ji Yaya, don ina da zuciya; a dai yi ta ja na har tsohon ya manta.

"Ni mi zan yi?" in ji mai sassaƙa. "Babban wa uba na. Ba ni shiga tsakanin 'yan'uwa."

Ba ya shiga tsakanin 'yan'uwa! Ya shiga har wuya, ya zaɓi ɓangare, ya dube ni ido cikin ido yana ɗora wa icce da raɓa laifi. Da ya ce mini ba zai yi ba, da na nemi wani tun hannun Baba na da sauran ƙarfi. Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta su a nan ba, kuma ban janye ko ɗaya ba. Ana zaton wuta a maƙera, ashe a gidanmu take ci.

Na ishe Yaya a ƙofar gida yana alwala. Ya ga abin da na rungumo, bai ko sunkuyar da kai ba. Ya ce gata ya yi wa Baba, wata rana zan gane. Na ce ya riƙe wata ranarsa. Mutumin da ya ciyar da mu da wannan kiɗan, ya saya masa allo da shi, ya yi masa aure da shi, yau shi ne abin kunya? Na wuce ciki, ya biyo ni ya tsaya bakin ƙofar ɗaki.

Baba na zaune bisa tabarma. Na goge garayar da hannun rigata na ɗora masa a cinya. Ya daɗe yana kallonta. Ya kai hannun hagu ga gora, yatsun suka yi ta bugunta kaf-kaf-kaf, suka ƙi rufuwa. Ya sake gwadawa, ya taimaka da na dama, suka zame. Sai ya bari. Ya ƙwanƙwasa fatar da farce, ya kai ta hanci ya shinshina.

"Wagga ba sabuwa ba ta," ya ce. "Ta yi damina ɗaure. Da damina kuwa ina iyawa."

Bai tambaye ni wa ya yi ba. Ya ɗaga kai ya dubi bakin ƙofa, ya san 'ya'yan da ya haifa. Ya ɗauki garayar da hannun dama ya miƙa wa Yaya.

"Ungo. Kai ka iya ajiya."

Ya kwanta ya juya fuska bango. Aka kira la'asar, Yaya na tsaye da garaya a hannu, ya rasa inda zai ajiye ta. Ya dube ni. Ban karɓa ba.