Wasiƙar da Na Kulle a Aljihun Tebur

Ni tsohon malamin makaranta ne. Abin da zan faɗa ya faru ne a shekarun da kuɗin man fetur suka cika gari, lokacin da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya yi boko kyauta. Ina saurayi sa'annan, hedimasta a wani ƙauye tsakanin Ƙanƙara da Pauwa, ga sabon babur, ga wando mai faɗin ƙafa, ga ji da kai kamar ni na ƙirƙiro alli. Cikin aikina har da zaunar da 'yan aji bakwai in ji sana'ar da kowa ke so, in cika masu takardun makarantun gaba. Amma gaskiya ba sauraronsu nake yi ba. Kallo ɗaya nake yi wa ɗalibi in yanke masa abin da zai zama.

Akwai wani ɗalibina, ɗan wani manomi Bamaguje, mai tsananin i'ina. Kafin ya gama gaishe ka ƙafarka ta gaji, amma a lissafi da rubutu ba mai kama ƙafarsa. Da na zo kansa, ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin ya ce shi malanta yake so. Wallahi saura kaɗan dariya ta kuɓuce mini. Na ce ya nemi kafinta ko gini, inda hannu ke aiki baki na hutawa. Ya kafe. Na cika masa takardar don ya ƙyale ni, ina da tabbacin ba za a kira shi ba. Ashe za a kira shi! Wasiƙar gayyatar ganawa daga kwalejin horon malamai ta biyo ta hannuna, na jefa ta aljihun tebur na kulle. Na gaya wa kaina ai kare shi nake yi, kada a yi masa dariya a gaban manya. Sau uku uban yana takowa a ƙafa daga gona, ya durƙusa ya tambayi Malam ko an samu labari. Sau uku ina cewa shiru ake ji.

Bayan shekaru da dama, ina mai duba makarantu, aiki ya kai ni wani ajin yaƙi da jahilci a bayan Sabuwa. Ina shiga zauren na ga ɗalibin nan nawa a gaban allo. I'inar tana nan, ba ta je ko'ina ba, amma ya san yadda yake bi da ita: yana ƙwanƙwasa allo da sanda a hankali, yana jan kalma, magidanta suna binsa. Wani dattijo ya ce mini malamai da yawa sun zo sun tafi, wannan ne kaɗai bai taɓa gaggauta su ba. Sa kai yake yi, don ba shi da takardar da za a ɗauke shi aiki da ita. Kunya ta rufe ni.

Da aka tashi na ja shi gefe na gaya masa komai, ban rage ba. Ya ce ya yafe, shi daman ya ɗauka faɗuwa ya yi. Ban bar maganar a nan ba. Na yi ta hawa da sauka har aka karɓe shi a kwas ɗin manya, ya fito da takardarsa, ya koyar a Faskari har ya yi ritaya. Daga ranar kuma ban sake yanke wa ɗalibi sana'a ba sai na tambaye shi, na ba shi aikin ya gwada a gabana, gurgu ne, kurma ne, ko mai gani dishi-dishi.

Malamai da iyaye, ku ji daga bakin wanda ya aikata: nakasa ba ta gaya maka abin da mutum zai iya, kuma abin da muke kira tausayi sau da yawa raini ne. Ka buɗe masa ƙofa, in ma faɗuwar ce ya faɗi da kansa. Ɗalibin nawa dai ya yafe mini, na kuma gyara abin da zai gyaru. Uban ne ban samu na nemi gafararsa ba. Ya rasu yana zaton ɗansa bai ci ba.